Tsofaffin kayan kafinta a Legas: abin saye, abin bari, da yadda ake raba su da tsatsa

Wani matashi mai koyon kafinta a Agege ya aiko da tambaya. Ya ce ya ga wani tsohon akwatin katako a wajen mai sayen jari bola na unguwarsu, a ciki akwai filen biyu, wato abin gogar katako ya yi sumul, da zarto, da cizil na sassaƙar katako kamar shida, da wasu ƙarafan da bai san sunansu ba, duk tsatsa ta rufe su. Ya kuma sha gani a waya yadda Turawa ke tsintar irinsu a gwanjon ƙofar gida, su gyara su koma aiki. Yana so ya sani: ya saya ko asarar kuɗi ce? Ina ake samun irinsu a Legas? Kuma yaya ake gyarawa?

Ɗana, ka saya, amma sai ka zauna ka duba su ɗaya bayan ɗaya tukuna. Na haura shekara talatin ina kafinta a garin nan, kuma kusan duk abin da nake riƙewa a hannu kullum ya girme ni. Tsatsa ba ita ce abin tsoro ba. Abin da ke kashe tsohon kayan aiki tsaguwa ce, da ramukan da tsatsa ta haƙa a bakin kaifi, sai kuma hannun mai gaggawa da ya kai shi injin washi.

Abin da ka gani a waya al'adar Amurka ce: mutum ya baza tarkacen gidansa a ƙofar gida ranar Asabar, maƙwabta su zo su taya. Mu nan ba haka kaya ke fita daga gida ba. Tsoho ya rasu, 'ya'ya ba su gaji sana'ar ba, akwati ya yi shekaru a ƙarƙashin bene, ran da za a rushe gidan ko a sayar sai a kira baban bola ya kwashe. To ka ga ashe gwanjon naka yana hannun 'yan uwanmu masu tura kura. Su ne ke shiga lungunan Ebute Metta da Yaba da Mushin da Isale Eko, inda tsofaffin ma'aikata suka zauna. Kuma ba banza kayan suka taru a nan ba. Babban wurin gyaran jiragen ƙasa yana Ebute Metta, layin dogo ya kai Ibadan a 1901, aka haɗe shi da Kano a 1912. Ga ma'aikatar ayyuka ta zamanin Turawa, wato PWD, wadda har yau akwai tashar mota mai sunanta a hanyar Oshodi zuwa Ikeja. Ga makarantar koyon sana'a ta Yaba da aka buɗe a 1947. Ga kantunan UAC da John Holt da suka yi ta shigo da kaya daga Ingila. Dubban kafintoci da makanikai sun ratsa waɗannan wurare, kowa da akwatinsa.

Saboda haka abin da za ka fara yi shi ne sabo da masu ɗakin awo, inda yara ke kawo ƙarfe a ɗora a sikeli. Akwai su a Agege, da Mile 12, da Alaba Rago, da Ijora, ga kuma kasuwar ƙarfe ta Owode Onirin a hanyar Ikorodu, wadda sunanta ma da Yarbanci yake nuna ta masu ƙarfe ce. Lokacin da na zo Ikko, Jankara ce matattarar tsofaffin kaya, can na sayi zartona na farko. Ka nuna wa mai awo hoton filen da cizil a wayarka, ka ce duk ran da irinsu suka shigo ya ajiye maka. Shi a wurinsa kilo ne. Filen mai lamba 5 bai fi kilo 2 da ɗan wani abu ba, in ka ninka masa kuɗin kilo ya ci riba, kai ma ka ci. Kada ka yi masa wayo, ka gaya masa aiki za ka yi da shi, ka biya shi da daraja, gobe shi zai neme ka. Wata hanyar kuma ita ce kwantenar kayan gwanjo da ke sauka Apapa da Tin Can, domin wasu daga cikin tarkacen ƙofar gidan Turawan nan ne suke ƙarewa a hannun masu sayar da kayan Beljiyam. Amma in yaro ya tare ka da kayan aiki masu tsabta, da mai a jiki, da kaifi, yana neman kuɗin shayi kawai, ka wuce. Na wani kafinta ne da aka fasa wa shago, kuma tsautsayi ba ya tambayar ko ka sani.

Yanzu ga duban kaya. Ka tafi da ɗan kananzir a roba, da tsumma, da guntun samfefa, da ƙaramin magagari.

Fara da filen, don shi ne mai tsada. Gangar jikinsa ƙarfen zubi ne, wanda 'yan bola ke kira kas, kuma kas ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi. Goge gefe biyu da kewayen bakin da reza ke leƙowa, ka shafa kananzir ka share. In akwai tsaga, za ka ga siririn layi mai jiƙa ya fito kamar gashi. Filen da ya tsage a baki ya gama aiki. Mai walda zai ce maka zai iya, kuma zai liƙa ɗin, amma zafi zai murɗe ƙasan, ba zai ƙara gogar katako daidai ba. Irin wannan ka saye shi da arha don rezarsa da notinansa kawai. Notinan nan kada ka raina su, zarensu ba irin na kasuwar yanzu ba ne, in ɗaya ya ɓata za ka zaga Legas ba ka samu madadinsa ba.

Sannan ka karanta abin da ke jiki. In ka ga Stanley, ko Bailey a zube a ƙarfen, ka samu abin kirki. Kamfanin na Amurka ne, ya sayi fasahar wani mai suna Leonard Bailey a 1869, kuma har yau kusan duk filen ƙarfe a kan tsarinsa ake yi. Wanda aka rubuta wa Made in England daga 1937 zuwa sama ne, lokacin da suka fara ƙerawa a garin Sheffield, kuma su suka fi yawa a nan. Mai shuɗin fenti da lamba 04 ko 05 na Record ne, su ma 'yan Sheffield, sun fara filen a 1931. Ni a hannuna Record na da bai bar wa Stanley komai ba. Lamba 4 tsawonsa kamar inci 9, na gamawa ne. Lamba 5 inci 14, shi muke kira jakfilen, shi ne jakin shago. In Allah ya haɗa ka da lamba 7 mai inci 22, na miƙar da gefen dogon katako, kada ka tsaya dogon ciniki. Mariƙin katako ya fi nuna tsufa, na roba ya zo daga baya. Ka lura kuma da jabu: akwai sababbi masu kwaikwayon suna, za ka gane su da kaushin zubi da siririyar reza mai lanƙwasa a hannu.

Cizil da rezar filen hukuncinsu ɗaya. Kowa gaban yake kallo, kai ka juya bayan, wato shimfiɗaɗɗen gefen. Kaifi haɗuwar fuska biyu ce, in bayan yana da ramuka kusa da baki, duk washin da ka yi za ka tarar da giɓi a kaifin, ya riƙa barin layi a katako. Rami ɗaya ko biyu nesa da baki ba komai. Bayan da ya zama kamar fuskar mai zanzana har bakinsa, bar shi, sai in akwai tsawon da za a cinye a wuce wurin. Daga nan ka ɗora magagari a gefen bakin ka tura. In ya zame yana ƙara kamar a kan gilashi, ƙarfen na da taurinsa. In ya kama ya ci, an ƙone shi ko dama ba na kirki ba ne. Sunayen da za ka yi murna da su Marples, mai tambarin ganye uku, da Sorby, da Ward, da Footprint. Na sha cin karo da masu tambarin kibiya, alamar kayan gwamnatin Ingila ce.

Zarto kuwa ka ɗaga shi ka saita ido daga mariƙi zuwa ƙarshe, kamar mai duba miƙewar katako. Lanƙwasa mai laushi tana gyaruwa. Karyayyen lanƙwasa mai kusurwa aikin gwani ne, ba na mai koyo ba. Ka ɗan tanƙwara shi ka saki, na kirki zai koma yadda yake. Spear & Jackson, waɗanda asalinsu ya koma 1760, da Disston na Amurka da aka kafa a 1840, su ne manya. Fifikon tsohon zarto a kan sabo shi ne ana wasa shi. Na yanzu masu baƙin haƙori an ƙona bakinsu ya yi taurin da magagari ba ya ci, in ya dakushe sai bola. Tsoho kuwa da magagari mai kusurwa uku za ka yi ta tashinsa har ka tsufa.

In akwai sifana a akwatin, ka sani da yawa na awon Whitworth ne, na tsofaffin injinan Ingila, ba za su zauna daidai a kan notin milimita ba.

To ka kawo su gida. A nan mutane suka fi ɓarna, don haka ka saurare ni da kyau.

Kada ka kai su wurin mai injin washi na bakin titi, kada kuma ka ɗora musu faifan garanda. Na taɓa ba wani mai injin cizil Marples mai faɗin inci ɗaya, wanda maigidana da ya koya mini aiki ya bar mini, na ce ya ɗan gyara bakin da ya ɓalle. Ina tsaye ya danna shi a dutse, tartsatsi na tashi, kafin in buɗe baki na ga launi ya hau ƙarfen: ruwan ƙasa, sannan shuɗi kamar wuyan tattabara. Shuɗin nan shaida ce zafi ya kai wajen digiri 300, taurin ya tafi. Sai da na cinye kusan rabin inci da hannu, kwana da kwanaki, kafin na isa ƙarfe mai rai. Har yau in na ɗauke shi na ga gajartarsa sai raina ya sosu. In dole sai inji, to a taɓa a ɗaga, a tsoma a ruwa, kada ya yi zafin da yatsa ba zai iya riƙewa ba.

Kwancewa ma da haƙuri. Ka ɗauki hoto kafin ka cire komai. Notin da ya ƙi, ka ɗiga masa kananzir ka bar shi ya kwana, gobe ka ƙara, ka ɗan ƙwanƙwasa kan a hankali. Ka nemi sukuddireba mai cika tsagar notin daidai. Kas ba ya son guduma.

Mafi yawan tsatsar da ta tsorata ka ta sama ce. Kananzir da samfefa mai laushi da burushin waya na hannu sun isa, kuma ni da su nake farawa kullum. Wadda ta yi kauri, ka cire duk katako da tagulla, ka jiƙa ƙarfen a ruwan khal, farin nan na girki, kana dubawa bayan 'yan awanni, kada ya wuce kwana ɗaya. Tsami ba ya bambanta tsatsa da lafiyayyen ƙarfe, in ka manta da shi kwana uku za ka tarar ya yi toka-toka ya yi kaushi. Da ka tsamo, ka goge baƙin da burushi, ka ɗauraye a ruwan kanwa don kashe tsamin, ka busar nan take a rana ko kusa da wuta, ka shafa mai. Nan take nake nufi. A iskar Legas, ƙarfen da ya fito daga tsami yana yin ja kafin ka gama alwala. Zarto dai kada ka jiƙa shi, akwai rubutun kamfani a fuskarsa da tsami ke sharewa. Ka kwantar da shi a katako, ka kankare da reza, ka bi da samfefa naɗe a guntun katako, kana bin tsawonsa. Notinan tagulla kuwa jiƙaƙƙiyar tsamiya ta ishe su, yadda iyayenmu mata ke wanke tasa.

Kuma ba sai sun yi ƙyalli ba. Duhun da tsohon ƙarfe ke yi bayan an cire jan, ka bar shi, yana ma rage saurin sabuwar tsatsa. Wurare uku kawai ke bukatar haske: ƙasan filen, bayan reza, da bakin kaifi.

Ƙasan filen ana daidaita shi a kan gilashi mai kauri ko guntun dutsen giranit, wanda masu aikin kicin ke zubarwa. Ka manna samfefa a kai, ka haɗa filen ɗin tsaf da rezarsa a ciki amma a janye, ka zana layuka da alƙalamin maka a ƙasan, ka riƙa turawa. Inda tawada ta goge nan ne tudu. Ba dole duka ta goge ba, in hanci da gaban baki da diddige sun hau layi ɗaya, ya isa. Reza kuma ka fara da bayanta, inci ɗaya na ƙarshe ya kwanta sumul a dutse. Sannan gaba: ana karta shi a kusan digiri 25, a wasa bakin a 30. Ka ci gaba har ka ji ɗan ƙaiƙayin ƙarfe ya juyo ta baya a yatsanka, ka kwantar ka share shi, ka ƙarasa a kan fata. Ƙarfen da ke kwanciya a kan reza, mai karya aska, wato siririn ɓawon katakon da reza ke fiddawa, shi ma bakinsa ya zauna ba ko siririn haske, in ba haka ba aska za ta cushe a tsakani ka yi ta zargin filen. Ran da ka tura shi a kan maɗaci ka ji wannan siririn sautin, aska ta fito doguwa tana naɗewa har kana hango yatsanka ta cikinta, za ka gane dalilin wahalar.

Mariƙin da ya tsage a wanke tsagar, a sa gam, a ɗaure da robar tayar keke ya kwana. Wanda ya tafi, ka sassaƙa sabo da maɗaci ko loko. Ƙotar guduma kuwa marke ko kirya, in wani zai taho daga gida ka yi saƙo.

Sai akwatin, wanda nake ganin shi ne rabin cinikin, ko da yake yawancin masu saye zubar da shi suke yi. Dubi kusurwoyinsa. In haɗin haƙora ne masu shiga juna kamar an sarƙe yatsu, aikin hannun gwani ne, sau da yawa mai shi ne ya yi shi da kansa lokacin da ya gama koyo. Al'adar kafintocin Ingila ce waje ya sha baƙin fenti ba ado, kyan yana ciki, inda ƙananan aljihuna ke zamewa gaba da baya. Gindi ne ke fara ruɓewa, shi ya sa da ƙusa ake kafa shi, don a iya sauyawa. Ka cire ruɓaɓɓen, ka sa sabo, ka ƙara sanduna biyu a ƙasa su ɗaga shi. In ka ga ƙananan huji, ka ɗora akwatin a kan takarda ka ƙwanƙwasa. Gari mai haske ya zubo, ƙwaron yana nan da rai. Ka ɗura kananzir a hujin da sirinji, ka naɗe akwatin a baƙar leda ka ajiye a rana kwana biyu ko uku, ka shafa maganin ƙwaron katako na Solignum a gindi ta waje. Baƙin mai da ake shafa wa katakon rufi kada ya kusance shi, zai ɓata maka hannu da kowane aiki. Fentin kuma ka wanke da sabulu kawai. Tsohon fenti yakan ƙunshi dalma, gubar da ta kashe yara a Zamfara a 2010, don haka kada ka goge shi a bushe ƙurarsa ta tashi inda yara ke wasa. In akwai sunan mai shi a murfi, ka bar masa sunansa. Tunda kuma za ka yi ta mu'amala da tsatsa da kaifi, ka je asibiti a yi maka rigakafin titanos.

Me ya sa na damu da akwatin? A Kano za ka rataye zarto a bango shekara ba abin da ya same shi, matsalar can hunturu ne mai busar da ƙota ta yi sako-sako. Nan kuwa ga teku ga gishiri a iska, damina daga Afrilu har Yuli, ta ɗan sarara a Agusta ta dawo. Filen da ka gama gyarawa ka bari a kan benci daren Juma'a, ran Litinin za ka tarar da shatar yatsunka da tsatsa a gefensa. Akwatin katako mai rufuwa ruf yana tare wannan iskar, katakon kuma yana shanye laima. Na ƙarfe gumi yake yi da asuba, in shi ka samu ka shimfiɗa masa falanki a ciki. Kada ka ajiye kowanne a kan siminti, ka ɗora a kan benci ko bulo, ka san yadda ruwa ke shiga shaguna a Agege. Ka jefa ƙwayar kafur biyu ko uku a ciki, da 'yan ƙullin nan masu shan laima da ke zuwa a kwalin takalmi. Ka cusa tsumma a gwangwanin tumatir ka jiƙa shi da man keken ɗinki, duk yamma kafin ka rufe shago kowane ƙarfe ya bi ta kansa. Man gyaɗa da manja ba na wannan aikin ba ne, danƙo suke yi. Ƙasan filen da fuskar zarto kuwa ka goga musu kyandir ko kakin zuma, suna hana tsatsa suna kuma sa su sulɓi.

Game da akwatin da ka gani, ka koma gobe da sassafe kafin a loda motar ƙarfe, don abin da ya tafi kamfanin narka ba ya dawowa. Ka taya shi gaba ɗaya, har da ƙarafan da ba ka gane ba, wataƙila a cikinsu akwai abin saita haƙoran zarto ko bakunan mahuji. Ka zazzage ƙurar gindinsa a kan tsumma, a nan ƙananan notina ke ɓuya. In ka kawo gida kada ka kwance komai lokaci ɗaya. Ka ɗauki cizil ɗaya, mafi muni a cikinsu, ka koyi washi a kansa har ya aske gashin hannunka, sannan ka taɓa filen. In ka rasa dutsen washi mai kyau, samfefar ruwa a kan gilashi, daga lamba 220 zuwa 1000 ko sama, za ta kai ka.